Mijin Yayata Ba Ya Shiga Sai An Ce Shigo

Mijin yayata, Genzo, ya fi shekara goma yana kwana a ɗakin ajiyar kaya, taku kaɗan daga ƙofar gidansa, saboda matarsa ta ƙi ce masa ya shigo. Ni na sha wahalar wannan shirme, don ni ce mai ɗauko tire daga kicin in tsallaka tsakar gida in kai masa, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara. Mutane in sun ji labarin dariya suke yi. Ba su taɓa ɗaukar miya mai zafi a kan santsi da takalmin katako ba.

Sana'ar gidanmu tsorata mutane ce. Babanmu yana da rumfar tsoro, wadda muke kafawa a harabar wuraren ibada duk bikin bazara, mutane su biya su shiga duhu, su fito gumin da ya ishe su ya koma sanyi. Ni, Sueko, autar gida, nake zama a bakin ƙofa ina yanka tikiti. Yaya Fusae kuwa ita ce fatalwar da ke fitowa daga rijiya. Tun tana budurwa take sa farin kimono na gawa, wato doguwar rigarmu ta gargajiya, ta sako gashi ya rufe fuska, ta saki hannuwa suna lilo. Ba ta ihu, ba ta bin kowa da gudu. Tsayawa kawai take yi, sai ka ga ƙato ya manta da budurwar da ya shigo da ita.

Genzo ɗan mai gyaran keke ne, ya zo mana neman aikin ɗaukar kaya. Ashe kansa ya riga ya cika da finafinan Turawa. Ɗan abin da yake samu duk a silima da shagon hayar littattafai yake ƙarewa, kuma ba ya karanta komai sai labarin masu shan jini, waɗannan da suke kwana a akwatin gawa su tashi su ciji 'yan mata a wuya. Ya yi ta damun Baba har Baba ya gaji ya ba shi ɗakin ƙarshe na rumfar. Ya haɗa akwati da kansa, ya ɗinko baƙar alkyabba, ya samo fiƙoƙin roba. Gajere ne, ga gwame, kuma ba ya wuni bai ci gyoza ba, ɗan curin fulawa mai nama da tafarnuwa a ciki. A littattafansa an ce tafarnuwa ce ke korar mai shan jini. Namu kuwa warin tafarnuwa ne ke gaya maka ka kusa akwatinsa.

Da gardama suka fara, kuma ni ban ga ranar da gardamar ta koma soyayya ba, sai dai na ga an yi aure. Yaya takan ce dodonsa ba abin tsoro ba ne, wani ɗan gaye ne mai kwaɗayi, a nuna masa gicciye ya ruga. Fatalwarta kuwa zaluntar ta aka yi, kuma duk wanda ya gan ta sai ya tuna da wanda shi ma ya zalunta. Shi kuma ya ce fatalwa ba ta da ƙafa, ba ta da tarbiyya, ta bango take shigo maka ba sallama. Nasa dodon mai mutunci ne, komai yunwarsa ba ya tsallaka ƙofar gida sai mai gidan ya ce masa shigo da bakinsa. Wannan doka ta fi komai burge shi. In mun je gidan mutane sai ya toge a bakin ƙofa yana jiran a gayyace shi, yara su yi ta dariya. Ni tun a karo na biyu abin ya daina ba ni dariya.

Haka suka yi shekaru talatin da wani abu, ita a rijiya, shi a akwati, labule ɗaya tsakaninsu. Suka haifi 'ya ɗaya, Chizuru. Baba ya rasu, rumfa da gida suka koma hannun Yaya, don Genzo shigowa gidanmu ya yi ya ɗauki sunanmu. Ni ma da mijina ya mutu nan na dawo.

Masifar ta faru ranar da aka je ganawa da dangin saurayin Chizuru. Mutane ne masu ji da kansu, kuma Yaya ta ja mana kunne kada wanda ya ambaci rumfa. Ta ce musu harkar bukukuwa muke yi, wanda ba ƙarya ba ne. Ta fito da kimononta mai kyau wanda ya daɗe a adaka. To a wurinmu ko yaro ya san mai rai shafin hagu na rigar yake ɗorawa a sama, gawa ake ɗora wa na dama. Amma hannun da ya shekara da shekaru yana shirya fatalwa bai tsaya tambayar ta ba. Ta naɗa irin na gawa ta ɗaure tsaf. Genzo ya dube ta ya ce ta yi kyau, don shi a haka ya saba ganin ta. Ni da Chizuru mun riga su tafiya, da ban bari ta fita a haka ba.

Suna shigowa ɗakin cin abinci kakar yaron ta ajiye kofin shayinta. Ina ta yi wa Yaya alama da ido, ita kuwa sai sunkuyawa take tana gaisuwa. Genzo ya bi idon tsohuwar, ya ga abin da ta gani, sai dariya ta ƙwace masa har da shaƙewa. Da ya tsaya a nan da sauƙi. Amma wai shi zai gyara, sai ya ce wa surukai kada su damu, matarsa duk bazara sai ta mutu, hannunta ne ya saba. Ya kwashe labarin rijiya da akwati ya zayyana musu, har yana nuna yadda take sakin hannu.

Abin takaicin shi ne surukan ba su fasa ba. Uban yaron ma cewa ya yi ya taɓa shiga rumfarmu yana saurayi, ya kwana biyu bai iya zuwa bayi shi kaɗai ba. An yi aure, ga jikoki nan har sun girma. Kowa ya manta in ban da mutum biyu.

Da muka koma gida a ranar, Yaya ta riga shi hawa dakalin da ake cire takalma, ta juyo. Fuskarta ta fi ta rijiya ban tsoro.

"Kada ƙafarka ta sake taka gidan nan."

Wani mijin zai je ya sha giyarsa ya dawo gobe da ɗan tsaraba. Genzo kuwa sunkuyawa ya yi irin ta cikin rumfa, hannu a ƙirji, ya juya ya nufi ɗakin ajiya. Ya share wuri tsakanin rijiyar kwali da kawunan roba ya yi shimfiɗa.

Cikin mako guda fushinta ya sauka, na san haka don a gabana ta fara zuba masa shinkafa fiye da ta kowa. Ta jera masa silifas a kan dakali suna fuskantar ciki. Ta bar ƙofa a buɗe. Na je na gaya masa, ya tambaye ni ko ta ce ya shigo. Na ce ga ƙofa a wangale, ga takalmi, me kuma yake so?

"Auta, buɗaɗɗiyar ƙofa daban, gayyata daban. Da baki aka kore ni."

Na koma na gaya mata. Ta ce ita ba baƙo ta aura ba, namiji ba ya jiran a gayyace shi gidansa, kuma wanda ya yi mata dariya a gaban surukai shi ya kamata ya fara buɗe baki. Na ce to ni na ce ya shigo. Ya ce ba gidana ba ne. Chizuru ta zo har da kuka, ya ce ita ta zama 'yar wani gida yanzu. Sai ka rantse wata doka ce gwamnati ta kafa, alhali daga littafin haya mai yagaggen bango ya tsinto ta.

Kada a ɗauka gaba suke yi. In bazara ta zo mota ɗaya suke shiga, ta gyara masa wuyan alkyabba, shi ya shafa mata farar hoda a bayan wuya inda hannunta ba ya kai. Da yamma ta zauna a baranda, shi a bakin ɗakinsa, su yi ta musu a kan sababbin finafinai. Ta ce yanzu kowa ya gane fatalwa mai dogon gashi ce gaskiya, har Turawa suna kwaikwayon namu. Ya ce masu shan jinin yanzu sun lalace, sun koma samari masu kuka a kan soyayya. In sanyi ya sauko ta ce za ta shiga, ya ce a kwana lafiya. Kullum sai ta ɗan tsaya a dakali kamar mai neman wani abu, kullum shi ma sai ya ɗan tsaya. Ni ina kicin ina ji kamar in kwaɗa musu tukunya.

Rumfar ta mutu a hankali. Yara suka koma manyan wuraren wasa masu na'urori, mu kuma gwiwoyi suka ƙi. Muka naɗe tanti muka tura ɗakin ajiya, wurin kwanan Genzo ya ƙara matsewa. Sai tari ya kama shi, irin mai tashin mutum daga barci daga can tsallaken tsakar gida. Likita ya ce huhunsa ne, kuma in ya ƙara yin wani sanyin a ɗakin da iska ke ratsawa, shi ba ruwansa.

Ranar na sauke musu kwandon masifa. Na ce masa tsoho da shi, da furfura da jikoki, yana wasan dodo da ransa. Na ce mata ta fi fatalwarta riƙo, don ita fatalwa aƙalla kashe ta aka yi, ba dariya aka yi mata ba. Na kamo hannunta na jawo ta har dakali, na leƙa na kira shi. Ya fito da bargo a kafaɗa ya tsaya a tsakar gida, ya rame har bargon ya yi masa yawa. Na ga bakinta ya buɗe. Na ga ya ɗago kai. Zuciyata har ta fara murna.

Ta ce, "Da alama za a yi ƙanƙara yau."

Ya ɗan jira. Sannan ya ce shi ma haka ya gani, ya juya. Ta aika ni da ƙarin bargo biyu da tulun ruwan zafi, na kai ina zagin su duka biyun a fili.

Kafin sanyin ya ƙare aka kwantar da shi a asibiti. Kullum tana can, tana ɓare masa lemo, suna musu a kan ko mai shan jini yana iya tsallaka ruwa mai gudu. A gida kuma na same ta ta fitar da katifarsa ta shanya, ta sake takardar da ake liƙa wa ƙofar ɗakinsu, ta sayo sabon matashi. Na ce mata tunda ta yi wannan duka, ta faɗa masa mana yau, ai kalma ɗaya ce. Ta ce a asibiti ba ƙofar gida, in an sallamo shi za ta faɗa a inda ta yi korar. Na ce in kuma ba a sallamo shi ba fa? Ta ce in rufe mata baki.

Ba a sallamo shi ba. Wata rana da hantsi masu hidimar jana'iza suka kawo shi gida ya kwana kamar yadda ake yi wa kowane mamaci a wurinmu, mutum biyu suna ɗauke da shi a lulluɓe. Na buɗe musu ƙyauren ƙofa duka biyu. Na gaban ya ɗaga ƙafa zai hau dakali, sai Yaya ta tare hanya ta ce su dakata. Suka dube ni, don nauyi ne a hannunsu, kuma ba su san gidan mahaukata suka zo ba. Ta durƙusa ta gyara zaman silifas ɗin nan da suka fi shekara goma suna jira, ta ɗora hannuwa a ƙasa ta sunkuyar da kai.

"Baban Chizuru, shigo. Shigo gidanka."

Sannan ta matsa suka wuce da shi. Ita ta sa masa farin kimono da hannunta, ta ɗora shafin dama a sama ba tare da ta ko duba ba, mutanen jana'izar suna yaba yadda ta iya.

Na yi kuka a ranar, amma rabinsa na haushi ne, kuma har yau haushin bai sake ni ba. Ina ƙaunar su duka biyun, ban taɓa ganin wawaye kamarsu ba. Silifas ɗin suna nan a kan dakali, ta hana a ɗauke. Duk wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa yanzu, ko mai kawo wasiƙa ne, kafin ya gama sallama ta ce masa ya shigo.