Rigar da Ladan Ishawu Ya Ɗinka wa Sola

Malam Ishawu ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana rufe abubuwa. A Sabon Zongo na Accra aka haife shi, a Nima ya koyi ɗinki, kuma tun yana saurayi sana'arsa ita ce ɗinka wa kujerun trotro, wato motocin haya, riguna. Daga tasha ɗabi'ar ta biyo shi gida. Talabijin ɗinsa na da riga, fanka na da hula, kujerun falonsa kuwa har yau suna cikin ledar da aka sayo su da ita. Matarsa Awabu takan ce ita kaɗai ta tsira a gidan, domin ba ta tsayawa wuri ɗaya balle a auna ta.

Amma ba da ɗinki yake taƙama ba. Shi ne ladanin ƙaramin masallacin da ke jikin gidansa, a wani lungu mai gangarawa Maamobi. A da, muryarsa takan tsallake babbar kwata ta kai ga mutanen ƙetare. Yanzu tsufa ya cinye ta, lasifika ce ke rufa masa asiri. Duk ranar da aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, sai ya tsaya ya toshe kunne ya yi kira iyakar ƙarfinsa, amma babu mai ji sai shi da akuyar maƙwabta.

Dattawan masallaci suka fara gunaguni, domin ga Abdul-Rahim mahauci nan, mai maƙogwaro kamar hon ɗin tifa, wanda ba ya bukatar waya ko wuta. Liman ya ja Ishawu gefe, ya shaida masa cikin ladabi cewa idan mutane suka sake rasa jam'i don ba su ji kira ba, za a hutar da shi. Ishawu ya san irin wannan hutun: sahu na biyu, kusa da takalma.

Yana cikin wannan damuwa sai 'yarsa Damata, wadda ke aikin shara a wani katafaren gini a hanyar Tema, ta zo gaishe su ta tarar da su suna fifita.

"Baba, mu a wurin aikinmu ba a ɗauke wuta ko na ƙiftawar ido," in ji ta.

"Asibiti ne?"

"A'a, kwamfutoci ne jere a kan kantoci, ɗaki bayan ɗaki. Hotuna da saƙonnin da mutane ke turawa ta waya, a irin wurin nan ake ajiye su. Wutar da suke sha ta fi ta layinmu duka, ga na'urar sanyi ba ta hutawa. Ni sai da rigar sanyi nake shiga."

"Su wa ke zaune a ciki?"

"Babu kowa, sai mai gadi a ƙofa."

Ishawu ya ajiye mafici. "Wato furannin Barka da Juma'a da Alhaji Sumaila ke damunmu da su suna can kwance cikin sanyi, ni mai kiran salla ina nan ina zufa? Su kwamfutocin, akwai wadda ta taɓa yin alwala?"

Damata ta yi dariya, ta ce ai su ma ba da wutar gwamnati kaɗai suka dogara ba: akwai janareta, akwai kuma sola shimfiɗe a kan rufi. Ba a daɗe ba ta kawo masa ƙaramar sola guda da batir, wani mai gyaran wuta ya kafa ta a kan kwanon gidan, ya ja waya zuwa lasifika. Aka ɗauke wuta, kira ya fita tar. Ishawu ya shiga jan kowace kalma har sai an ji a Maamobi, Abdul-Rahim ya koma kan namansa.

Wata rana da hantsi ya hau tsani don ya gode wa abar da ido. Ya tarar da ita baƙa wuluk, sabuwa fil, tana ƙyalli, kwance tsirara a cikin ranar Accra. Zuciyarsa ta kasa ɗauka. Shi ya san abin da rana ke yi wa kujerar trotro: ta koɗe, ta tsage, ta fitar da soso. Ya sauka ya ɗauko tef, ya auna tsawo da faɗi, ya ɗinka mata riga ta tampol mai kauri, koriya kamar ƙofar masallaci, har da zif. Kullum kafin rana ta yi zafi sai ya hau ya sanya mata, idan rana ta faɗi ya cire domin ta sha iska.

Batir ya yi ta ba da abin da ke cikinsa babu mai mayar masa. Ranar da aka sake ɗauke wuta dab da magariba, Ishawu ya ɗauko kira, lasifika ta yi tari ta yi shiru. Daga bakin teburinsa, da wuƙa a hannu, Abdul-Rahim ya ƙarasa, har tantabaru suka tashi.

Washegari bayan azahar dattawa suka zauna a ƙofar masallaci don yanke hukunci. Damata, wadda Awabu ta kira, ta hau tsani ta duba ko waya ce ta tsinke. Ta sauko riƙe da tampol, ta shimfiɗa shi a gabansu.

"Baba, wa ya sa wa sola riga?"

"Ni. Ko so kike rana ta lalata min ita?"

"Baba, ai ranar ce abincinta!"

"Wannan ranar? Mai ƙona ƙeya?"

Liman ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Alhaji Sumaila ya ɗaga rigar yana duba ɗinkin, ya ce gaskiya zif ɗin ya zauna. Da Liman ya samu numfashi, sai ya ce ba zai sauke mutum saboda tausayi ya yi masa yawa ba, amma ba zai sake jingina sallar jama'a ga tela shi kaɗai ba. Ranakun da rana ta fito na Ishawu ne, ranakun hadari na Abdul-Rahim, da sharaɗin allura ba za ta ƙara hawa rufi ba.

Haka ake har yau. Awabu ta karɓe tampol ɗin tana shanya barkono. Ishawu kan hau ya goge wa solar ƙura, ya dube ta da tausayi, ya sauko yana girgiza kai. Da damina ta kama, kiran ya yi ta faɗawa hannun mahauci, sai Ishawu ya zauna a kan keken ɗinkinsa ya ɗinka masa mayafin wuya mai kauri, ninki biyu, wai don kada sanyi ya taɓa masa murya. Abdul-Rahim ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, amma bai taɓa yarda ya sa shi ba.