Kamfalar da Baba Ya Buga

Gidanmu na Panshekara ɗaki biyu ne da tsakar gida, tsakar gidan kuma kamfala ce ta mallake ta. Tun da na yi wayo nake tsallake bahon rini in zan shiga banɗaki. Umma tana ɗinki, tana kuma buga kamfala da hannu. Ta shimfiɗa farar shadda a kan tebur, ta narka kyandir a kasko, ta tsoma soson katifa da aka yanka masa siffar ganye ko tauraro, ta danna a jikin yadin. Duk inda kyandir ya taɓa, rini ba ya kamawa. In an tsoma a kala, an wanke da tafasasshen ruwa, sai zanen ya fito fari a cikin shuɗi ko ja. Aikin ke nan. Mutane suna tambayata kamar akwai wani sirri a ciki. Babu. Zafi ne da wari da ciwon baya.

Baba a wata masaƙa yake aiki a Challawa, sashen da ake buga atamfa. Satin da yake aikin dare, barci yake da rana, don haka ba a taɓa keken ɗinki, sai Umma ta koma kamfala tun da ita ba ta da ƙara. Satin aikin safe kuwa keke ne tun fitarsa har la'asar. Masu kawo ɗinki ma sun san tsarin. Mace za ta leƙo ta ce, "Malam na dare ne ko na safe?" kafin ta zaro atamfarta daga leda. Da haka aka yi shekaru Baba bai taɓa ganin ana buga kamfala da idonsa ba. Duk sanda ake yi, barci yake.

Shekarar da na gama sakandare masaƙar ta tsaya. Ba rana ɗaya ba. Aka fara cire aikin dare, aka ce a riƙa zuwa kwana-kwana, daga baya aka sa kwaɗo a get. Baba ya dawo da rigar aikinsa da takalmin a cikin buhu. Da farko kullum yana fita neman aiki, ya je Sharada, ya je Bompai, ya dawo da yamma ya ce an ce za a neme shi. Daga nan ya koma zaman ƙofar gida. Da tambayar mutane ta ishe shi sai ya dawo ciki, ya zauna a tabarma yana kallonmu. Tuwo ma rabi yake ci ya ture.

Sai ya fara zancen ƙauye. Wansa yana da gona a Jigawa, ya ce da ruwa ya sauka zai tafi ya kama noma. Mutumin da rabonsa da fartanya tun kafin ya yi aure. In ya tafi, ko dai Umma ta bi shi ta bar kekenta da masu sayen kayanta, ko kuma gida ya rabu biyu. Umma kuwa, duk sanda ya ambaci damina sai in ji kekenta ya ƙara gudu.

Ranar da ya fara kallon bugun da kyau, bai jima ba ya miƙe ya zo bakin tebur.

"Me kike yi haka?"

"Aikina."

"Wannan ganyen ya hau kan wancan."

"Ya hau."

"Ga kyandir ya ɗiga a nan. A wurinmu da tuni an tsayar da inji. Wannan ai dameji ne."

"To nan ba wurinku ba ne, Malam. Matsa kada ya fallatsar maka."

Bai matsa ba. Ya tsaya yana tsaki a hankali duk sanda ta danna soso. Umma ta dube shi ta dube shi, sai ta miƙa masa soson. Ta ce tun da ya fi ta sani, ga fili, ita dama ɗinki ya taru mata.

Aikin da ke gabanta a lokacin na Madam ne. Madam 'yar Filato ce, tana zaune a Hotoro, mijinta yana aiki a Bompai. Ita take kwasar yawancin kamfalar Umma tana kai wa masu shaguna a Abuja. Sun daɗe tare, har in Madam ta zo ba ta jiran a shimfiɗa mata tabarma, kan buhun shinkafa take zama.

Washegari Baba ya fito cikin rigar aikinsa ta masaƙa. Bai taɓa kyandir ba sai bayan azahar. Ya kakkafa ƙusoshi a gefen tebur, ya ja zare daga wannan zuwa wancan, ya ɗauki tef ɗin Umma da alli yana ɗiga alama. Ni aka sa riƙe bakin zare da fifita gawayi. Ni kuma ba na son jira, ko layin famfo ba na iya tsayawa.

"Baba, kyandir yana daskarewa."

"Ki sake narka shi."

"Umma da tuni ta gama yadi biyu."

"Uwata, layi tukuna. In layi bai miƙe ba, komai bai miƙe ba."

In ya tsoma soso sai ya girgiza shi a kan kasko har sai ya tabbata babu abin da zai ɗiga. In duk da haka ɗigo ya faɗi, ya ɗora takarda ya bi da dutsen guga ya tsotse shi. Umma tana cukuikuye yadi kafin ta jefa a rini, don kyandir ya tsattsage kala ta shiga ta yi jijiyoyi. Baba ya ce ba a gabansa ba. A miƙe muka riƙa saka nasa a baho, ni da shi, kamar muna ɗauke da marar lafiya.

Ya ɗauki lokacin da Umma za ta yi irinsa sau nawa. Amma a kwanakin nan yana cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, kuma ba a ji kalmar ƙauye ba. Da aka shanya, ni ma na tsaya na kalla. Ganye a jere, ko ta ina ka duba layi ne, tsaye da kwance da karkace. Farin fari tas, shuɗin babu tabo. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce wallahi kamar na kanti. Baba ya ji daɗin maganar, har ya maimaita mana ita da yamma.

Madam ta zo yana masallaci. Ta zauna a kan buhunta, ta warware na farko, ta warware na biyu, ta ɗaga shi a rana.

"Maman yara, a ina kika sayo wannan?"

"A nan aka buga."

"Haba. Ni za ki yi wa haka? Mun fara yau?"

"Wallahi a kan teburin nan. Malam ne ya buga."

"Au, Baba ne? Sannunsa." Ta sake dubawa. "Ya yi kyau fa. Amma ba zan iya ɗauka ba. Mutanena na hannu suke nema. Suna juya yadi suna neman inda ya ɗiga, inda ya tsage, inda ganye ya hau ɗan'uwansa. In na kai musu wannan, cewa za su yi na inji ne na ɗebo a kasuwar Kwari na zo ina musu ƙarya. Kuma ko na rantse da Littafi ba za su yarda ba."

"Ko ɗaya ba za ki gwada ba?"

"Ke ma kin san su. Ba ki da naki na da, mai hauka-haukan nan?"

Umma ta shiga ɗaki ta fito da 'yan ragowar nata, Madam ta zuba a jaka ta tafi neman adaidaita. Na Baba kuwa Umma ta ninke su ta tura ƙarƙashin gado a bayan akwati. Da ya dawo ya tambaya, ta ce Madam ta zo ta kwashi kaya. Ba ƙarya ta yi ba, ta kwashi kaya.

Abin da ya biyo baya shi ne Baba ya ƙara ƙaimi. Ya ce a kawo sauran shaddar duka, zai ƙara tsawon tebur da katako. Farar shaddar da ke gidan ita ce jarin Umma, babu wata. Na zuba ido in ga ko za ta yi magana, sai na ga tana miƙa masa guduma. Na ce mata a kicin, haka za mu zauna ya cika ƙarƙashin gado? Ta ce in bar shi, yana cin abinci. Na ce in shadda ta ƙare duk gidan ne zai daina ci. Ta ce in fita mata daga kicin.

Na fita, na same shi yana kafa ƙusa.

"Baba, Madam ba ta ɗauki naku ba. Suna ƙarƙashin gado."

Umma ta fito da muciya a hannu. "Ke wai bakinki ba shi da birki ne?"

Baba ya ajiye guduma. "Me ya same su? Kala ta zuba?"

"Ba ta zuba ba. Ta ce sun miƙe da yawa, kamar na inji. Masu saye karkatacce suke so, mai ɗigo."

"Dameji suke so."

"Eh."

Ya dubi Umma, ta dubi muciyarta. Can ya ce, "To ai wannan ba wuya. Ɓatawa ce, kowa ya iya."

Ya cire zaren, ya goge allin, ya shimfiɗa yadi ɗaya. Muka tsaya muna kallo yana danna soso yana karkata hannu, fuskarsa kamar mai shan magani. Da ya gama muka ja baya muka duba. Ya karkata ɗin, gaskiya. Amma duk bayan 'yan ganyaye ɗaya zai karkata, gefe guda, kuma daidai wurin a kowane layi. Ɗigon ma da gangan ya riƙa sa shi, kowanne tazararsa da na gaba iri ɗaya. Kuskuren ya jeru reras daga wannan baki zuwa wancan. Umma ta danne ta danne, dariya ta ƙwace mata har ta zauna a kan turmi. Ni ban yi dariya ba, lissafin yadin da ya tafi nake. Shi ma bai yi ba. Ya cire rigar aikin ya rataye, ya wanke hannu. Da la'asar na ji shi a waya da wansa yana tambayar ko an fara sharar gona.

Waɗanda ke ƙarƙashin gado Umma ta fito da su ta ɗinka labule da zanen gado, ta yi mini doguwar riga da ragowar. Ta koma bugunta. Baba ya koma tabarma, amma yanzu bayansa yake juya wa tebur. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Ya sa an ɗinke masa tsohuwar jakarsa.

Ana cikin haka soson ganyen ya yage. Dama zafi yana cinye su, kuma mai yanka mata yana can cikin gari. Maimakon ta aike ni, sai ta ɗauko guntun katifa da reza ta zauna dab da tabarmar Baba tana yanka da kanta. Umma ta iya almakashi, amma abin da take fitarwa a ranar bai yi kama da ganye ba, ya fi kama da silifas. Ta yanka, ta ɗaga ta duba, ta ce kai, ta sake yanka. Na tambaye ta daga baya ko da gangan ta yi. Ta ce in je in duba miya.

Baba ya jure iya jurewarsa.

"Kawo nan, za ki yanke yatsa."

"Bar shi, na kusa."

"Kin kusa me? Wannan ganyen wace bishiya ce?"

Ya karɓa, ya nemi biro da sabuwar reza. Ya zana ganyen tukuna, da jijiyarsa ta tsakiya da ƙananan, sannan ya bi da reza a hankali. Bai tashi ba sai da aka kira magariba. Kashegari ya yanka wani, fure mai zagaye da ya ce suna bugawa a masaƙa shekarun baya. Sai tsuntsu, sai wani mai kama da sarƙa. Umma ta tsoma su a kyandir ta riƙa dannawa yadda ta saba, wani ya hau wani, ɗigo ko'ina, ta cukuikuye ta jefa a baho. Madam ta kwashe duka, ta ce a yi mata tsuntsun nan a ja. Matan da ke kamfala a Zawaciki suka ga sabon zane, suka fara aiko wa Baba da guntayen katifa a leda ya yanka musu.

Ruwa ya sauka. Wansa ya kira, ina jin Baba yana cewa bana dai a yi haƙuri, yana da aikin mutane a hannu. Jakar ta koma saman kwaba.

Har yanzu shi yake yanka, ita take bugawa, ni nake fama da baho da safar hannu, kuma har yanzu ba na son aikin. Ƙusoshinsa suna nan a gefen tebur, sun yaga mini zane ya fi a ƙirga, ya hana a cire. Abin da ba ya yi shi ne kallo. Da ya ga an ɗora kasko a kan gawayi zai sa hularsa ya nufi wurin mai shayi. A bakin ƙofa yakan tsaya ya ce da Umma, "In kin gama ɓata shi, ki kira ni a waya."