Goggo Ikilima da Rigar Yashi

Faɗan Goggo Ikilima da ɗaliban aikin jinya a kan riga ya tashi, kuma ita ta ɗinka rigar. Shekara talatin tana cusa audugar rimi a matashin kai a Inkil, har babu gidan da ba a ɗora kai a kan aikin hannunta. Shi ya sa Malama Liatu, mai koyarwa a wata makarantar jinya cikin gari, ta nemo ta. So take a ɗinka ƙatuwar riga mai tumbi da cinyoyi, ɗalibi ya saka ya zama mai ƙiba, sauran su koyi juya shi da ɗaga shi daga gado.

Goggo kanta ba ƙarama ba ce. Mai Keke Napep in ya hango ta, kau da kai yake yi. Ranar da ta kai rigar ta tsaya kallo. Wani siririn ɗalibi, Sabitu, ya zura, ya shiga rangaji yana dukan tumbi, aji ya kwashe da dariya. 'Yan mata biyu suka ɗaga shi cak.

"Kai, tsinken tsire! Tuɓe min rigata."

"Haba Goggo, darasi muke yi."

"Wane darasi? Auduga kuka ɗaga. Ni na yi muku kama da matashi?"

Ta naɗe abarta ta fice.

Abin da ba ta gaya musu ba, likita ya sa mata ranar aiki a ciki, saura mako uku. Kuma kwanciyarta asibiti ta baya, mutum huɗu ne suka ja ta ta hammata, suka sake ta a ƙasa, zani a buɗe. Tun da ta baro ajin, kwana biyu zama ya gagare ta. Ta cusa matashi ta farke, ta leƙa zaure ta dawo, ta ce ba za ta je aikin ba, ta ce za ta je.

Rana ta uku ta sa aka ɗebo mata yashi. Ta ɗinka aljihuna cikin rigar, ta ɗura shi inda ta san nauyi yake zama a jikinta: mara, cinya, damtse.

Da ta mayar da ita makarantar, Sabitu ya saka. Taku biyar ya nemi bango. Da ya kwanta rigingine sai numfashi ya ƙi.

"Malama, a ɗaga min kai!"

Ba wanda ya yi dariya. Goggo kuwa zagaye gadon take.

"Ba ta hammata ba, za ki ɓalle masa kafaɗa! Zura zanin gado ƙarƙashinsa. Ke Yasmin, bakinki ciwo yake? Tambaye shi ta wane gefe ya saba tashi."

Haka ta yi ta zuwa ba gayyata, har ana gobe za a kwantar da ita. Ranar ta kori Sabitu daga gadon, ta hau da kanta, ƙarfen ya yi ƙara. Sai a lokacin ta gaya musu zancen aikin da za a yi mata.

Suka tambaye ta gefen da ta saba tashi, suka mirgina ta, suka kama zanin su shida. Ta rintse ido. Da ta buɗe, tana kan wani gado da ke gefe.

Ta daɗe tana haki kafin ta ce, "To, zan je. Duk wadda aka tura ɗakinmu na asibiti a cikinku, ta zo da zanin gado mai ƙwari. Kuma ta rufa min cinya kafin ta kira maza."