Ragunan ɗana da kusan ɗiyata

Shekaru sun ja da yin wannan abu, lokacin sojoji na riƙe da mulki a Yamai, mu kuma muna Filinge muna kiwon ragunan Layya.

Ɗana na biyu, Allah ya yi shi daban. Ya san kowace hanya ta garinmu, ya san muryar motar garin Tabla tun daga nesa, amma abin da ya yi yanzu-yanzun nan sai ya zame masa. Likita a Yamai ya ce abin gado ne, a jini yake. Aikinsa guda a gida shi ne ba raguna dusa, kuma yana son aikin nan kamar ransa.

Matsalar ita ce sai ya ba rago ɗaya sau biyu, ya bar wani da yunwa. Wata safiya babban ragon ya kumbura, da ƙyar ya tashi. Maigida ya ce ya isa.

"Bayan sati zan kai ragunan wurin ƙanena a Sanam. Yaron nan taurin kai gare shi."

Ɗana ya tashi. Ya je ya zauna gindin turke, ya ƙi cin tuwo.

A satin ne ɗiyata ta fari ta zo hutu daga ƙasar waje, inda take karatu. Muna tsintar wake na tambaye ta aikin da take yi can. Ta ce da kusa take aiki, wato ɓeraye.

"Kusu? Wanda nika kashewa cikin rumbu? Shi aka tura ki ki yi ma hidima?"

Ta yi dariya har wake ya zube. Ta ce kusan nata an haife su da irin abin da ƙanenta yake da shi. Ta zana mini a ƙasa da tsinke: akwati mai lunguna, kowane lungu da ɗan abinci a ƙarshensa. A saki kusu, a duba ko zai tuna lungun da ya riga ya cinye, ko zai yi ta komawa inda babu komai.

"Inna, wanda ya koma ba taurin kai ba ne. Riƙon ne ke kuɓuce mashi."

Na daɗe ina kallon zanen. Ni da karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, sai na ji bakina ya ce, "To in ya fito, mi zai hana ku rufe lungun da ya shiga?"

"Haba Inna! Ai in an rufe babu jarrabawa ke nan, kowane kusu zai ci."

"Ni ba jarrabawa nika so ba, ɗiyar nan. Raguna nika so su ƙoshi."

Ta tsaya da tsintar, ta dube ni, sannan ta tashi ta ɗauko gatari. Mu biyu muka kafa sababbin turaku bayan zana, ƙarƙashin iccen bedi. Muka nuna wa ɗana: in rago ya gama cin dusarsa, ka kwance shi, ka kai shi bayan zana. Wanda ka gani gabanka, shi ne bai ci ba.

Ranar farko ya kai akuyar maƙwabta bayan zana ita ma, don ta sa baki a kwano. Amma babu ragon da ya ci sau biyu.

Maigida ya tsaya bakin ƙofa yana kallo kwana da kwanaki. Maganar Sanam dai ba ta sake tasowa ba. Da lokacin sayarwa ya yi, da asuba na ji ya ce wa ɗana, "Kai, sa takalmanka. Mai raguna ai shi ka kai su kasuwar Baleyara."

Yau ɗana har da gemunsa, kuma har yanzu haka yake kiwonsa, daga gaban zana zuwa bayanta. Mantuwar tana nan, ba ta warke ba, mun dai daina tambayarsa abin da ba zai iya riƙewa ba. Ɗiyata na can da kusanta, tana neman abin da ni ban iya nema.

Kusun rumbu kuwa ban daina sa masa tarko ba. Sai dai in na kama shi, nakan ce ya gaida 'yan'uwansa na makaranta.