Ƙwaryar Yaya Hajo a Goronyo

Gandi zuwa Rabah

Da sunan Allah muka bar Gandi ranar Talata, ƙarfe shida saura kwata, ni da yayata Hajo. Luba ce ta gayyace mu. Yarinya ce da na koya wa riƙon alƙalami a zaurena, ta je Zariya ta karanto zane-zane, yanzu ta shirya nuna aikinta a Goronyo a kan matan da ake duka a gidajen aure. Ta roƙe ni in rubuta bayanin kowane aiki da ajami, don shi yawancin matan ke karantawa.

Ba zan ɓoye ba, da ƙyashi na amsa. Shekara talatin ina rubuta waƙoƙi, ba wanda ya taɓa hawa mota don su. A jakata akwai baiti arba'in da na yi wa Yaya a kan haƙurinta da marigayi mijinta. Niyyata in karanta su a can, a san wane ne malami.

Bakwai da rabi muna Rabah. Muka karya da koko da ƙosai a tasha.

Wurno

Motar ɗaukar albasa muka samu. Yaya ta zauna a haguna kamar kullum, don kunnenta na hagu ya mutu tun zazzaɓin da aka ce ta yi a shekarun farko na aurenta. A Wurno direba ya tsaya shan mai, ya waiwayo.

"Malam, halan ku ma wurin Luba za ku? Matata ta tai jiya, ta dawo ba ta ce mini komi ba."

"Ni na koya mata alif," na ce.

"To, alif ɗin ya yi nisa."

Yaya ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Goronyo

Sha ɗaya da kwata muka sauka kusa da madatsar ruwa, gaban wata rumfar ajiye albasa da Luba ta ara. Na zo da hujjojina a kan haramcin zana siffar mai rai, amma babu siffa ko ɗaya. Ƙore ne fasassu rataye da zare, irin waɗanda mata ke ɗinkewa su ci gaba da amfani da su. Kowace ta fashe ne a ranar da aka doki mai ita. Luba ta warware ɗinkin, ta rataye ɓangarorin da tazarar yatsa biyu tsakaninsu, haske na ratsawa. Mata cike da rumfar, ba ka jin komai sai ƙarar injin ban-ruwa daga fadama.

Luba ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo tawada. Ina rubutu ina neman aibi, ban samu ba, hakan ya ƙara mini zafi. A ƙwarya ta tara na tsaya, don na san zanen bakinta. Ƙwaryar furar innarmu ce.

"Mi ya kawo ta nan?"

"Ni na ba Luba ita," in ji Yaya. "Na kai ma maigidana hura gonar albasa, na makara. Nan ya hwashe ta." Ta taɓa kunnenta na hagu.

"Yaya, yarinyar da anka haihwa jiya kinka gaya wa, ni ƙanenki ban sani ba?"

"Ita tambaya ta tay yi, Malam. Kai yabo na kay yi."

Na sa hannu a jaka, na taɓa takardun, na bar su a ciki. Na tambayi Yaya me zan rubuta.

"Rubuta: ba zazzaɓi na ba. Ka sa sunana, da na babanmu."

Na rubuta da mafi kyawun hannuna. Wata tsohuwa daga Taloka ta bi baƙaƙen da yatsa ta karanta a fili, ta juya ta kama hannun Yaya. Ko kallona ba ta yi ba.

Komawa gida

Bayan azahar muka ci shinkafa da wake, muka kamo hanya ƙarfe uku. Har yanzu in aka ambaci Luba raina na sosuwa, ina neman gafarar Allah a kan haka. Tsakanin Wurno da Rabah na matsa kusa da kunnen Yaya na dama, na tambaye ta wace shekara ce abin ya faru. Ta fara ba ni labari, ba ta gama ba har muka shiga Gandi ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu, Ya dawo da mu.