Cokalin Baba Tamanaha

A ƙarƙashinsa na koyi nutso, saboda haka ina da bakin faɗi: Baba Tamanaha mutum ne mai taurin kan tsiya. Duk tsibirinmu shi kaɗai ne ba ya ba baƙo koren tulu, wato tulun iskar da mai nutso ke goyawa, sai ya nutsa da shi tukuna.

Koren tulu iska ce da aka ƙara wa oksijin. Tana barin mutum ya daɗe a ruwa, amma tana da iyakar zurfi. Ka wuce ta, sai farfaɗiya ta kama ka, ka tofar da abin shaƙa, shi ke nan. Yanzu a waya ake koyonta, a amsa tambayoyi a ba ka kati, ko ƙafarka ba ka jiƙa ba. Baƙi daga Osaka sukan miƙa masa katin, ya juya shi gaba da baya.

"Kati mai kyau. Shi ya iya ruwa ko kai?"

Bayan duwatsun murjani na cikin teku yana da igiya da ke sauka daga jirgin ruwansa, ya ɗaura jan ƙyalle daidai iyakar. Nan yake kai kowa. Da ka isa ƙyallen zai buga tulunsa da wani tsohon cokalin miya, ka tsaya ka leƙa ƙasa. Ruwan wurin garau yake, farin yashi kamar ka miƙa hannu ka ɗiba. Jikinka sai ya ce maka ƙara kaɗan. Wannan kwaɗayin yake so ka ji, don ya ce babu shi a waya.

A nan 'yarsa Natsuki ta rasu. Da katinta ta dawo daga birni, ta sauka ba ya nan. An samo gawar. Amma mu a nan, in mutum ya mutu a waje, kurwarsa takan faɗi a wurin, sai dangi sun je da shinkafa da rigarsa sun kira ta gida. Baba ya je da rigar, zurfin ya fi ƙarfinsa. Daga bisa ƙyallen ya yi ta kira. Ya ce mini ba ta amsa ba.

Ya kira sunana ya ce, "Tana can, Yonamine. Kuma yarinyar nan ba ta son zaman kaɗaici."

Wallahi tun ranar ban ƙara leƙa yashin nan da daɗin rai ba.

Da ya rasu, cokalin na aljihun rigar da aka ƙona gawarsa da ita, yadda muke yi a nan. Ni na sa shi da hannuna. Ɗan ƙanensa Seiyu ya gaji shagon nutson, makokin bai watse ba ya soke nutson gwaji.

"Anti, duniya ta ci gaba. Mai kati a ba shi tulu."

"Duniyar ta ci gaba, tekun fa?"

Dariya ya yi, mara kunya. Na ci gaba da raka baƙi, ban kwance igiyar ba.

Wata safiya na sauka da mata biyu, dukansu da koren tulu. Ɗaya ruwa ya shiga gilashin fuskarta, na tsaya ina gyara mata. Ina waiwayawa na hango ɗayar, Fujieda, ta wuce ƙyallen, kai ƙasa, tana tafiya a natse kamar wadda aka aika. Ta yi mini nisa. Na laluba abin bugawa, babu komai a jikina.

Sai na ji ƙarar ƙarfe a kan tulu. A ruwa ba a gane inda sauti ya fito, amma na san bugun nan kamar yadda na san tarin mahaifina. Fujieda ta tsaya cak, ta dubi ma'aunin zurfin da ke hannunta, ta juyo sama.

A jirgi na rufe ta da faɗa. Ta bari na gama.

"Yi haƙuri, Anti. Wata yarinya ce a ƙasa take ta yafito ni, na ɗauka tamu ce."

"Mu uku muka sauka."

"To, ita da tsohon na wani jirgin ne ke nan."

"Wane tsoho?"

"Wanda ya zo ya kama hannunta. Riga ma ya kawo mata, cikin ruwa. Ta ƙi, ta ƙi, daga baya ta bi shi."

Seiyu yana bakin inji, ya ji komai. Ya dubi teku hagu da dama, babu jirgin kowa sai namu.