Jimla ta Uku a Littafin 'Yar Soja

Shekarar da na fara koyar da Turanci a wata sakandare kusa da barikin Shadawanka, kullum daga gidanmu a Ƙofar Ran nake hawa keke na tafi. Kusan rabin ajina 'ya'yan sojoji ne. Tun kafin na san su na riga na yanke musu hukunci, don a unguwarmu an ce yaran bariki ba sa jin magana.

Wata Talata muka zo kan wata 'yar magana a littafin karatu, shape perception. Na yi musu bayani da Hausa: wato ka sa mutane su riƙa kallon abu ta yadda kake so su gan shi. Na ce kowa ya kawo jimla uku da ita. Yawancinsu rediyo da 'yan siyasa suka rubuta, kamar yadda na ba da misali.

Akwai wata yarinya mai zama a bencin baya, ba ta cika magana ba. Jimlarta ta farko ta ce kaki ne ke sa mutane su ga babanta yadda suke ganinsa. Ta biyu a kan tallar sabulu ce. Ta uku ta ce jan biron malamarmu shi ne ke sa babana ya gan ni yadda yake ganina. Nahawun bai da kuskure ko ɗaya. Na daɗe riƙe da littafin.

Da aka tashi tara na kira ta.

"Me kike nufi da wannan?"

Ta sunkuyar da kai. "Malama, babana yana bakin aiki, wata bakwai ke nan. Mama tana ɗaukar hoton littafina ta tura masa a waya. Ba ya samun lokacin karantawa. Jan kawai yake dubawa, in ya yi yawa sai ya ce ba na ƙoƙari."

Na buɗe shafukan baya. Ko'ina ja ne, da'ira da layi da alamar tambaya. Kurakuran na gaske ne, ban ƙirƙira ba. Amma akwai wurare da dama da ta yi rubutu mai kyau na wuce ban ce komai ba. Na tambayi kaina ko da 'yar maƙwabtanmu ce haka zan yi, ban sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba.

Daga ranar na riƙa rubuta layi ɗaya da manyan baƙaƙe a saman aikin kowane ɗalibi, na faɗi abin da ya yi daidai, yadda zai fito a hoto.

Ƙarshen zango wani mutum siriri cikin farar riga ya zo karɓar sakamako. Na ɗauka tela ne ko direba, sai da yarinyar ta shigo bayansa na gane babanta ne. Hausarsa ta bariki ce.

"Malama, na ga abin da ka rubuta. Na nuna wa abokaina duka."

Ya tambaye ni ko za ta iya karanta aikin lauya. Na ce za ta iya, kuma har zuciyata nake nufi. Zango na gaba aka yi masa canjin wurin aiki, suka tashi gaba ɗaya. Ban sake jin labarinta ba.